Ruwan Saɓa da Ruwan Zafin Inna

Kafin in fara, ina so mai karatu ya sani cewa wasu daga cikin abubuwan nan sun daɗe, kuma ban ajiye su ko'ina ba sai a kaina. Mai yiwuwa na haɗa wata shekara da wata, ko na ɗora maganar wani a bakin wani. Sunaye kuwa da gangan na canja su. Inda na tabbatar zan faɗa kai tsaye, inda nake kokwanto zan nuna.

Abin da ya zaunar da ni rubutun nan shi ne 'yan matan da suke zuwa wurina, musamman lokacin hutu, suna so in koya musu gyaran fatar fuska. Wasu sun gama makarantar kiwon lafiya, wasu a waya kawai suka gani. Kwanan baya wata ta ce da ni, "Anti, ai shafawa ne kawai, a jira, a wanke. Kafin hutu ya ƙare na iya." Ban ga laifinta ba, don haka ake nuna abin a waya. Sai dai ba a nuna fuskar bayan an kashe wayar an koma gida.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba likita ba, ina so a riƙe wannan. Na yi digiri, na yi aiki a sashen fata na wani asibiti a birni, daga baya na dawo wani ƙaramin asibiti a ƙasar Gezawa, kusa da garinmu. Duk abin da nake yi a fuskar mutum da sanin likitar fata ne, wadda ita ce ta koya mini aikin. Dakta muke ce mata. Takan zo mana daga birni lokaci-lokaci, in ba ta zo ba mu yi waya. Abin da ya fi ƙarfina tura mata nake yi.

Fuskar farko da aka bari na taɓa ta wani ɗalibi ce, wanda ƙuraje suka bar masa ramuka a kumatu kamar zanzana. Kafin ranar na daɗe ba abin da nake yi sai wanke kwanuka, yanka auduga, da tsayuwa a bayan Dakta ina kallo. Ruwan da muke shafawa asid ne mai sauƙi, wanda yake cin saman fata don sabuwa ta fito. A tsakaninmu muna ce masa ruwan saɓa, saboda bayan 'yan kwanaki fatar saɓa take yi. Ban sani ba ko wasu wurare haka suke kiransa. Dakta ta fara sa ni na ɗiga shi a damtsena, don in san irin zafin da zan sa wa wani. Sannan aka gwada wa ɗalibin a bayan kunne, aka sallame shi, ya je ya dawo aka duba wurin. Sai da aka ga bai yi baƙi ba aka ce bismillah.

Na wanke masa fuska, na goge maiƙo, na shafa man da zai tsare gefen ido da gefen hanci da leɓe. Na fara daga goshi. Idona yana kan agogon bango, sai na ji Dakta ta ce, "Agogon ne ya zo neman magani? Kalli fatar." Akwai lokacin da fata take yin fari-fari kamar an barbaɗa mata gari. Da zarar an ga haka a wurin da ba a so, dole a kashe kaifin ruwan nan take, ko da lokacin da aka rubuta a littafi bai cika ba. Littattafan da muka karanta yawancinsu da farar fata aka yi su. Tamu daban take. In ta ji ciwo, ko ƙuna ko gurzuwa, amsar da take bayarwa ita ce ta ƙara baƙi, kuma baƙin yana iya shekara bai tafi ba. Wasu mutanen ma tabonsu tudu yake yi, ya yi ta girma. Wannan shi ne rabin sana'ar a ƙasar nan: sanin inda za a tsaya.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai ruwan saɓa, mai sauƙi da mai ɗan ƙarfi, da ruwan da ke kashe kaifinsa, wanda ba na buɗe na farko sai na biyu yana gabana a buɗe. Akwai ƙaramar na'ura mai gurza saman fata a hankali tana zuƙe garin. Akwai wani abu mai ƙananan allurai da ake birgima shi a kan ramukan ƙuraje don fatar ta cike daga ƙasa, shi kuma mutum ɗaya ake yi wa da shi a jefar. Na ji ana cewa wasu suna wanke shi su sa wa wani, Allah ya kiyaye. Na'urar haske da ake kira leza na ga ana aiki da ita a birni, amma ban taɓa riƙe ta ba, saboda haka ba zan ce komai a kanta ba. Sai safar hannu, auduga, firji mai aiki da sola, da man kare rana. Sai kuma mafici. 'Yan matan dariya suke yi in sun ga mafici a cikin kayan, amma in ruwan ya fara cizo kuma ba wuta, shi ne yake hana mutum zabura.

Na tuna wani Alhaji mai sayar da hatsi a Dawanau, wanda ya zo da rawaninsa ya zauna ya ce a cire masa tamoji. Na ce, "Alhaji, wannan aikin shekaru ne da rana. Zan iya rage kaushin, amma ba zan ce maka za su tafi ba."

Ya ce, "To rage mini shekara goma, sauran na yafe miki."

Na tambaye shi inda yake wuni. Ya ce a kan buhu, a bakin sito, tun hantsi har la'asar. Na ce in na yi masa saɓa ya koma kan buhun nan, fuskar za ta fi yadda ya kawo ta baƙi. Ya ce, "Wato in bar kasuwa don fuska? Fuskar ce za ta ci da gida?" Muka rabu a kan man shafawa da shawarar ya kafa rumfa. Ban taɓa shi ba. A ganina mutanen da na mayar ba tare da na taɓa su ba sun kusa kai waɗanda na yi wa aiki yawa, ko da yake ban ƙirga ba.

Samari kuma sukan zo a goge musu zane, bille ko 'yan baka. Askar wanzami tana shiga ƙasa da inda ruwana yake kaiwa. Ana iya sassauta gefen zanen ya rage fitowa, amma ban taɓa ganin wanda ya ɓace ɓat ba. Haka nake faɗa musu tun daga ƙofa.

Sai shekarar da muke kira shekarar kwalabe. Wasu ƙananan kwalabe marasa suna suka cika kasuwannin ƙauye, ana cewa ruwan gyaran fuska ne irin na asibiti. Ban san mene ne a ciki ba har yau, amma ya fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba. 'Yan mata suka riƙa shafa wa juna a ɗaki. Daga bazara zuwa faɗuwar damina, kusan kowace ranar kasuwa sai an kawo mana ƙonanniyar fuska. Masu zuwa don gyara na gaskiya suka ɗauke ƙafa, maza suka hana matansu, don a wurin mutane duk ruwa ɗaya ne. Dakta ta ce mu rufe kwalabenmu mu ma, mu koma wankin ciwo da ɗauri kawai har abin ya lafa.

A cikin wannan shekara aka kawo Malama Rabi. Malamar firamare ce a wani ƙauye da ke gabas da mu, mace mai natsuwa, da 'ya'yanta. Tana da ɗan baƙi-baƙi a kumatu tun haihuwarta ta ƙarshe, wata maƙwabciya ta ce za ta cire mata, ta shafa mata ruwan kwalbar nan. Kumatun biyu suka ƙone. Muka yi ta wanki har ciwon ya rufe, amma ya bar baƙi mai faɗi kamar an manna mata ganye a kowane gefe. Ta koma aji sau ɗaya. Yara ba su ce komai ba, in ji ta, kallo kawai suka yi, har ta kasa gama karatun ranar. Shugaban makaranta ya ɗaga mata ƙafa zuwa bayan dogon hutu. Ta ce da ni, "Sista, in aka koma fuskar nan tana haka, ni na bar koyarwa." Ba da kuka ta faɗa ba. Na fahimci ta riga ta yanke.

Na ce mata ban yi alkawarin komai ba. Dakta ta duba ta, ta rubuta man da za a fara da shi don kwantar da baƙin, da man kare rana. Sai da fatar ta yi ƙwari, maganar kwalabe kuma ta lafa, sannan ta ba da izinin saɓa mafi sauƙi, kaɗan-kaɗan, da tazara mai tsawo a tsakani. Na yi na farko. Na yi mata bayanin da nake yi wa kowa: fuskar za ta yi duhu, ta ɗaɗɗaure, sannan ta fara saɓa. Kada a ɓare, kada a cuɗa, kada a kusanci murhu ko rana. Wajen alwala a zuba ruwan sanyi a shafa a hankali. Ta ce ta ji.

Da ta dawo, baƙin ya ƙaru maimakon ya ragu. Wannan yana faruwa wani lokaci, saboda haka na yi waya da Dakta, muka dakata. Amma da na duba da kyau a gaban taga, sai na ga fatar ta tashi tun kafin lokacinta, wuraren sun yi ja, kuma jan a miƙe yake daga hanci zuwa kunne, kamar inda aka ja tsumma. Na ce, "Malama, wa yake taɓa fuskar nan?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Inna ce take gasa mini."

Inna ita ce uwar mijinta, gida ɗaya suke. Kowa a ƙasar nan ya san gashi. In mutum ya yi targaɗe, ko kumburi, ko mace ta haihu, tsohuwar gida za ta ɗora ruwa, ta tsoma tsumma, ta danna wurin da zafinsa. A wasu abubuwan ba na musun yana da amfani. Amma a kan sabuwar fata, zafi da gurza su ne ainihin abin da ke kiran baƙi. Inna ta ga fuskar surukarta ta yi duhu tana ɓarewa, ta ɗauka ciwo ne ya dawo, ta tashi tsaye safe da yamma.

Na ce, "Ba ki gaya mata an hana ba?"

Ta ce, "Sista, da wane baki? Matar da ko sunanta ba na faɗa? Kuma da asuba take tashi ta hura wuta saboda ni, ga ciwon ƙafa tana fama da shi."

Na ce mijinta fa? Ta ce ya gwada, Inna ta ce masa da gashin nan ta raine shi, in ya san magani ya faɗi wanda ya warkar masa da ƙafa lokacin da jaki ya taka shi.

Ranar da ba ni da aiki na hau mota na je ƙauyen. Ana tsakiyar damina, gero ya rufe hanya har sai da na tambaya. Na tarar da Inna a tsakar gida, 'yar tsohuwa gajera mai kaifin ido, tana tsince wake a faifai, tukunya tana kan murhu. Na durƙusa na gaishe ta. Muka daɗe muna gaisuwa, ta tambayi mutanen gidanmu, ashe ta san kakata. Malama Rabi ta shimfiɗa mini tabarma ta koma gefe ta zauna.

Inna ta ce, "Ke ce mai ɓare wa mutane fuska?"

Na ce, "Ni ce, Inna."

"To kin ɓare, ni kuma ina gyarawa. Me ya kawo ki?"

Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Na ce fatar da ke fitowa jaririya ce, ba ta son zafi, ba ta son a danna ta, ruwan randa mai sanyi ya fi mata. Ta ajiye faifan.

"Ruwan sanyi a kan ciwo? 'Yar nan, a jami'ar aka koya muku haka? Sanyi ai shi yake shiga jiki ya kwanta. Ni na yi wa mata wankan jego kafin a haifi uwarki."

Na ce ban musa ba, amma wannan ba irin wancan ciwon ba ne. Ta dube ni, sannan ta ce, "To mu raba. Kunci biyu ne. Ki ɗauki ɗaya in ɗauki ɗaya, a ga wanda zai riga warkewa."

Na ce, "Inna, ba gona ba ce da za a ja iyaka. In naki ko nawa ya ɓaci, ita ce za ta yi yawo da shi." Na ƙara da cewa in za a ci gaba da gashi, ni dole in tsaya, ba zan sake sa mata komai ba, don zan ƙara mata baƙi ne kawai. Ba barazana nake yi ba, haka Dakta ta ce in faɗa, kuma haka ne.

Ta ce, "To ki tsaya mana. Wa ya kira ki?"

Ruwan tukunyar ya fara tafasa. Na san in na tashi a haka, maganar koyarwa ta ƙare.

Sai Malama Rabi ta yi magana. Ba ta dubi Inna ba, ni ta duba, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Sista, man nan da kika ba ni, in na shafa da kaina zafi yake yi mini, hannuna yana da nauyi. Ko za ki nuna wa Inna yadda ake yi? Hannunta ya fi nawa sanyi. In ita ce za ta riƙa shafa mini, na fi samun barci."

Inna ta ce, "Uhm." Ta ɗauki faifan, ta sake ajiyewa. Ta ce da ni, "Ina man?"

Malama Rabi ta fito da shi. Na sa Inna ta wanke hannu, na nuna mata gwargwadon abin da za a lakata, kamar ƙwayar wake, da yadda ake ɗiga shi a wurare a baje da cikin yatsa ba tare da an ja fatar ba. Ta karɓa tana ƙunƙuni, wai ɗan wannan ko ƙuda ba zai ƙoshi da shi ba. Amma da ta ɗora yatsa a kuncin surukarta na ga hannun da ya saba da jarirai. Ya fi nawa laushi, wannan na tabbatar. Na nuna mata na safe, mai kare rana, da na dare. Na ce sai an sami wanda zai hana Malama zuwa bakin murhu da shanya a rana, da kuma masu zuwa dubiya da nasu magungunan, wannan ta kawo toka, waccan lemon tsami.

Ta ce, "Wannan ki bar mini. Ba wadda za ta wuce zauren nan da ƙullin magani." Sannan ta dubi tukunyar ta ce, "Ruwan nan kuma ba za a yi asararsa ba. Rabi, kawo ganyen shayi a ba baƙuwa."

Muka jira fatar ta huce, sannan muka ci gaba da saɓa a hankali. Kowane zuwa da Inna ake zuwa, ta zauna a kan benci ta riƙe mafici, tana yi wa sauran masu jira bayanin abin da aka hana. Na ji ta da kunnena tana ce wa wata mata, "Kada ki kuskura ki gasa. Jahilci ne."

Ba zan ce fuskar ta koma yadda take ba, don ba ta koma ba. Kuncin dama ya washe sosai. Na hagu ya bar ɗan duhu kusa da kunne, wanda a ganina zai daɗe, wataƙila ma ya zauna. Ban kuma san nawa ne aikin saɓa a ciki, nawa ne na man, nawa ne na barin gashi da rana ba. Dakta ma ta ce ba za a iya rabewa ba. Abin da na sani shi ne da aka koma makaranta Malama Rabi ta shiga aji, kuma tana koyarwa har yanzu.

Tun daga lokacin, ba na buɗe kwalba sai na tambayi wanda zai kula da fuskar a gida. In akwai tsohuwa, sai an zo da ita, ko ni in je. Aikin da nake yi a asibiti bai kai tsawon shan kunu ba, sauran makonnin duk a hannun mutanen gida suke. Duk yarinyar da take so in koya mata, ta fara zuwa makarantar jinya, ta sami likitan da zai tsaya a kanta, sannan ta koyi durƙusawa ta gaida tsofaffi ba tare da gaggawa ba.

Akwai waɗanda suka ga shekarar kwalabe a wasu asibitocin, daga nan har wajen Shanono, kuma na san sun ga abin da ban gani ba. In na faɗi wani abu ba daidai ba, game da magani ko game da yadda abubuwa suka gudana, ina roƙo su aiko mini in gyara, don kada kuskurena ya hau fuskar wani. Inna kuwa tana nan da ranta, kuma na ji tana gaya wa mutane cewa ita ce ta warkar da surukarta bayan 'yan asibiti sun ɓare ta. In labarinta ya saɓa da nawa, a fara jin nata.